Wata guda ina shirin intabiyun mai nazarin kuɗi

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Saƙon ya shigo wayata ina dawowa daga masallaci bayan la'asar. Wani kamfanin sarrafa shinkafa a nan Kano, wanda na tura wa takarduna tun watan Nuwamba, ya kira ni intabiyu ranar Talata 4 ga Maris. Gurbin na mai nazarin harkokin kuɗi ne, a ƙarƙashin shugaban sashen kuɗi. Za a fara da gwajin Excel na awa ɗaya, sannan a zauna da mutum uku.

Na gaya wa Umma, ta ce Allah ya sa da rabonka a ciki. Na amsa da amin, amma gabana sai faɗuwa yake. Bara na je irin wannan zama a wani ofishi a Abuja, aka tambaye ni yadda kamfani zai ci riba a takarda amma ya kasa biyan albashi. Na shiga jero ma'anonin da na haddace a aji. Mutumin ya bari har na kai aya, sannan ya ce, to, amma ta yaya hakan ke faruwa? Na yi shiru. Ga digirin akanta a hannu, ga jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantocin Najeriya, ina tsakiyarta, amma abin da na sani bai wuce leɓena ba. Har yau ina jin ciwon wannan shirun.

Don haka na kafa wa kaina doka ɗaya a wannan karon. Duk abin da ba zan iya bayyana wa Kawu da Hausa ba har ya gyaɗa kai, ban san shi ba tukuna. Kawu shekararsa fiye da talatin yana sayar da hatsi a Dawanau, bai taɓa buɗe kwamfuta ba, kuma ban taɓa jin lissafi ya kuɓuce masa ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na koma tushe: takardun nan uku. Ta riba da asara, ta kadara da bashi, da ta shige da ficen kuɗi. Na sauko da rahoton shekara na kamfanoni biyu masu sarrafa abinci da ke kasuwar hannun jari ta NGX, na zauna da biro ina bin lamba ɗaya daga wannan takarda zuwa waccan. Ribar da ta rage bayan haraji ita ce ke buɗe takardar shige da fice, ita ce kuma ke shiga cikin ribar da aka tara a takardar kadara. Kuɗin da ya rage a ƙasan takardar shige da fice dole ya yi daidai da wanda aka rubuta a kadara. In bai yi ba, akwai inda aka yi tuntuɓe.

Abin da na lura da shi, ainihin labarin ba a shafukan farko masu hotuna yake ba. Yana can baya, a cikin bayanan da ake rubutawa da ƙananan haruffa: bashin nawa ne na dala, nawa ne na naira, yaushe za a biya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau na wuni a Dawanau. Na isa wajen ƙarfe tara, na tarar ana sauke wa maƙwabcin Kawu tirelar gero, 'yan dako suna ta kai da komo, ƙura ta tashi har ba ka ganin ƙarshen layi. Kawu na zaune bakin sito a kan buhun masara, littafinsa mai baƙar fata a cinya, gefensa duk ya naɗe don shan hannu.

Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, tambaya na zo da ita. Mutum zai iya cin riba kuma ya rasa kuɗin biyan yaransa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai da ka yi jami'a kake tambayata wannan? Zo ka gani."

Ya buɗe littafin, ya ɗora yatsa kan wani shafi. Buhu ɗari biyu ya ba wani mai gidan kaji, da riba mai kyau a kan kowane buhu. Mako biyar ke nan, ko sisi bai shigo ba. Ya juya shafi, ga wani mai kai kaya kudu, shi ma rabi ya biya. Ya ce, "Riba tana nan cikin littafi, kuɗin kuma yana aljihun mutane. Manomin da na saya a wurinsa kuwa bai san bashi ba, a take yake karɓar nasa. Dillali ma ba ya jiran la'adarsa ta kwana. To ka gaya mini, da wanne zan biya mai mota yau, da littafi?"

Amsar da na rasa a Abuja ke nan, a bakin sito, cikin numfashi ɗaya.

Sai ya ƙara mini wadda ban tambaya ba. Ya nuna buhunan da ke jibge har rufi, ya ce da kaka ya saye su yana sa ran farashi zai hau kamar yadda ya yi bara, sai ga shi bana kasuwar ta yi sanyi, farashin ya sauko ƙasa da yadda ya saya. Na ce, to in za ka ƙirga dukiyarka yau, da wane farashi za ka ƙirga su? Ya ce da na yau mana, wa zai ba ni na jiya? Wannan ita ce IAS 2, ɗaya daga ƙa'idojin aikin akanta na duniya, da muka sha wahalar haddacewa: kayan da ke sito ana rubuta su ne da wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin da aka saye su da abin da za a iya samu in an sayar. Kawu bai san sunanta ba, amma da ita yake kwana yake tashi.

Da zan tafi ya ce, bashi hanji ne, yana cikin kowa, abin dubawa shi ne kwana nawa yake yi a waje kafin ya dawo. Na rubuta wannan a bayan hannuna don kada in manta kafin in isa gida.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na mayar da maganar Kawu lissafi, da lambobin da na ƙirƙira don gwaji. A ce kamfani ya sayi shanshera da kaka, ta yi kwana 120 tsakanin sito da inji, sannan 'yan kasuwa su ɗauki shinkafar bashi na kwana 30. Manomi ba ya ba da bashi, saboda haka babu abin ragewa. Kwana 150 ke nan kuɗi na waje. In naira biliyan ɗaya aka ranto daga banki da ruwa kashi 30 cikin ɗari a shekara, ruwan waɗannan kwanaki kaɗai ya kai kusan naira miliyan 123. In aka rage kwana 30 daga ciki, an tsira da kusan miliyan 25, ba tare da an ƙara sayar da ko buhu ɗaya ba.

Na daɗe ina kallon wannan lambar. Ashe aikin da nake nema ke nan: in gano inda kuɗi ke kwana, in faɗi nawa kwanan ke ci.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Excel. Wuta ba ta zo ba sai bayan isha'i, na yi awa uku a kan XLOOKUP da SUMIFS, dabarun nemo lambobi da tara su, da teburin tattara bayanai. Hannuna ya fara sakewa. Ina ƙoƙarin daina kai hannu ga linzami, domin a gwajin awa ɗaya kowace daƙiƙa tana da rana.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Yaya ta kira daga Abuja. Shekararta takwas a banki, kuma ta sha zama a ɓangaren masu yin tambaya. Ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce, "Ƙanena, a ce an ƙara naira miliyan 10 a kuɗin tsufan injina na bana, wato raguwar darajarsu da ake rubutawa a littafi, haraji kashi 30. Bi da ni ta takardu ukun."

Na ce riba kafin haraji za ta ragu da 10, haraji ya ragu da 3, ribar ƙarshe ta ragu da 7. A takardar shige da fice za a fara da ragin 7, a mayar da 10 tunda ba kuɗi ne ya fita daga asusu ba, sai tsabar kuɗi ta ƙaru da 3. A takardar kadara injina sun ragu da 10, kuɗi ya ƙaru da 3, ragin 7 ke nan, ribar da aka tara ma ta ragu da 7. Ya daidaita.

Ta ce madalla, wannan amsar littafi ce, kuma daidai take. Amma in wanda ke tambayar ya san aikinsa zai ce maka, a Najeriya fa? Hukumar haraji ta tarayya, FIRS, ba ta karɓar tsufan kayan aiki da akanta ya rubuta a littafinsa, tana mayar da shi cikin riba ne, sannan ta ba da nata rangwamen na kayan jari bisa ƙa'idarta. Ke nan harajin da za a biya bana ba lallai ya motsa ba, bambancin sai ya koma harajin da aka jinkirta. Ta ce ka fara ba da amsar farko, sannan ka ƙara wannan da jimla biyu, kada ka yi lacca.

Ta kuma ja mini kunne kan saurin magana. Ta ce in ka ji tambaya, ka ja numfashi, babu wanda zai kore ka don ka yi shiru na daƙiƙa uku.

Talata, 18 ga Fabrairu

Yau Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da alƙaluman hauhawar farashi na Janairu: kashi 24.48 cikin ɗari. Na Disamba kashi 34.80 ne. Wani abokina ya turo mini yana murna wai kaya sun sauko. Ba haka zancen yake ba. Hukumar ta sauya ma'auni ne: shekarar da ake gwadawa da ita ta tashi daga 2009 ta koma 2024, an sake zuba kayan da ke cikin kwandon, an kuma rage nauyin abinci daga sama da rabi zuwa kimanin kashi 40. Wanda ya jera lambobin biyu a layi ɗaya ya ce an samu sauƙin maki goma, ya auna da kwano biyu daban ne.

Na gwada dokata. Na kira Kawu na ce, in aka canza maka tiya aka kawo ƙarama, aka ce gero ya yi araha, me za ka ce? Ya yi dariya ya ce sai in ce a dawo mini da tiyata mu sake awo. Na san na kama bakin zaren. In suka tambaye ni wane hauhawar farashi zan sa a hasashen kasafin kuɗi, zan ce ba zan dogara da lambar ƙasa baki ɗaya ba. Zan duba farashin shanshera, dizal, wuta, buhu da kuɗin mota, kowanne da nasa tafiyar.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kwamitin Babban Banki ya gama zamansa, ya bar kuɗin ruwa a kashi 27.5. Na zauna na jera tarihin a takarda ɗaya don in riƙe shi a ka. Da Olayemi Cardoso ya karɓi bankin a Satumbar 2023, kuɗin ruwan yana kashi 18.75. A Fabrairun 2024 aka ɗaga shi zuwa 22.75 a zama ɗaya, aka yi ta ƙarawa har ya kai 27.5 a Nuwamba. Kafin nan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni kuma aka saki naira, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati yanzu tana wajen 1,500. Kamfanin MTN na Najeriya, duk da yawan cinikinsa, asarar naira biliyan 137 ya bayyana a 2023, saboda asarar canji da ta kai kimanin biliyan 740. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, kuma duk mai inji ya ji a jikinsa.

Daga nan na yi gwajin da ya fi komai buɗe mini ido. A ce inji na naira miliyan 100, yana kawo miliyan 30 duk shekara har shekara biyar. A ido, miliyan 150 ne, an ci 50. In aka dawo da kuɗin shekarun nan zuwa darajarsu ta yau da kashi 10, sun kai miliyan 113.7, sayen injin ya biya. In aka yi da kashi 30, wanda ya fi kusa da abin da banki zai nema yau, miliyan 73 ne kacal, an tafka asarar kusan 27. Inji ɗaya, ciniki ɗaya, tsadar kuɗi ce kawai ta sauya hukuncin. Littattafan da muka karanta duk da kashi 8 ko 10 suke misali, domin an rubuta su ne a ƙasashen da kuɗi ke da araha. Wanda ya kwafo wannan lambar ya kawo ta masana'antun Sharada ko Challawa a nan Kano zai sa mai gida ya sayi abin da zai cinye shi.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Kwana uku ina gina hasashen shekara uku na wani kamfanin shinkafa na gwaji, takardu ukun a haɗe. Daren jiya takardar kadara ta ƙi daidaita. Bambancin miliyan 4.2 a shekarar farko, 8.4 a ta biyu, 12.6 a ta uku. Na bi layi-layi har ƙarfe ɗaya, batirin kwamfuta ya mutu, na kwanta da abin a raina.

Bayan asuba na sake kallon lambobin a takarda. Tunda bambancin yana ƙaruwa da adadi ɗaya duk shekara, to abu ɗaya ne ake mantawa da shi duk shekara. Na nemi 4.2 a ko'ina, sai ga shi: rabon ribar masu hannun jari. Na cire shi daga tsabar kuɗi, ban cire shi daga ribar da aka tara ba. Gyaran bai ɗauki minti ɗaya ba. Akwai lokacin da zuciya ta raya mini in cusa wata lamba a wani lungu don layin ya nuna sifiri in huta. Na gode Allah ban yi ba. Aikin nan amana ne, mutum zai ɗauki takardarka ya je ya ciwo bashin biliyoyi a kanta.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na karanta tarihin harkar shinkafar kanta, don kada in je ina zancen lamba ban san buhu ba. Shirin ba manoma rance na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, su ne suka sa injinan casa suka yawaita a Kano da kewaye. A Yulin 2024 kuma gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Ma'ana, ribar mai inji tana rataye da shawarar da ake yankewa a Abuja kamar yadda take rataye da damina. Sannan buhun shanshera ba buhun shinkafa yake bayarwa ba, wajen kashi biyu cikin uku ne ke fita, sauran ɓuntu ne da dusa, a cikin wadda ta fita ma akwai karyayya mai araha. Maki ɗaya a wannan kason kuɗi ne mai yawa a shekara.

Akwai abin da ke cin raina tun farkon shirin nan, gara in rubuta shi. Rabin lissafin da nake yi na kuɗin ruwa ne, kuma ni Musulmi ne. Ban ɗauki abin da wasa ba. Na karanta hanyoyin da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa ke bi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Akwai murabaha, banki ya sayi kaya ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko. Akwai ijara ta hayar inji. Akwai salam, a biya manomi yanzu ya kawo amfanin gona a lokacin da aka yanka, da awo da siffa sanannu, wanda kamar don sayen shanshera aka tsara shi. Gwamnatin tarayya ma ta fitar da sukuk, takardun zuba jari marasa ruwa, na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. In aka ba ni damar tambaya, zan tambaye su ko sun taɓa duba wannan ɓangaren.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Na mayar da karatu bayan sahur, lokacin kai yana sarari. Yaya ta yi mini intabiyun gwaji ta bidiyo, minti arba'in, da Turanci tun daga sallama har ƙarshe. Ta ce amsar "gaya mana ko kai wane ne" ta yi tsawo, in yanke ta zuwa minti ɗaya da rabi, in kuma sa zuwana Dawanau a ciki. Umma ta sa an goge mini farar shadda.

Talata, 4 ga Maris

Na isa ƙarfe takwas da rabi. Tun daga bakin ƙofa ake jin ƙamshin turaren shanshera, motoci uku na layin hawa sikeli. Mu shida ne. Gwajin Excel ɗin cinikin wata goma sha biyu ne, a fitar da riba bisa kowane nau'in kaya. A cikin bayanan akwai layuka da aka maimaita sau biyu, na cire su, na rubuta a gefe cewa na cire da dalilina. Ban gama zanen ƙarshe ba lokaci ya cika.

A zaman, shugaban sashen kuɗi dattijo ne mai magana a hankali. Ya ce in takarda ɗaya kawai za a ba ni in auna lafiyar kamfani, wacce zan ɗauka? Na ce ta shige da ficen kuɗi, na ba shi labarin littafin Kawu a taƙaice. Ya ajiye bironsa ya saurara. Sai ya ce, to, mu sayi shanshera ta shekara gaba ɗaya da kaka da kuɗin banki, ko mu riƙa saye wata-wata? Na ja numfashi. Na ce sai an gwada abu biyu: abin da riƙon kayan zai ci na ruwa da sito da ƙwari da raguwar nauyi, da kuma yadda ake sa ran farashi zai hau kafin bazara. In ruwa kashi 30 ne, riƙon wata biyar yana cin sama da kashi 12 kafin a sa kuɗin sito, saboda haka in farashi bai hau fiye da haka ba, an yi wa banki aiki ne. Na ƙara da cewa bana waɗanda suka tara hatsi sun gani.

Matar da ke gefensa ta tambaye ni yadda ake kare kai daga tashin dala wajen sayen kayan gyaran inji daga waje. Na faɗi abin da na sani na yarjejeniyar sayen dala a farashin da aka tsayar tun yanzu, na kuma ce ban taɓa yin ta a aikace ba. Ta rubuta wani abu. Tambayata ta salam kuwa, dattijon ya ce sun taɓa tattaunawa a kai, abin da ya tsayar da su shi ne yadda za a tabbatar manomi ya kawo kayan.

Laraba, 5 ga Maris

Da hantsi suka turo saƙo. Mu biyu muka wuce zagaye na gaba. Suna so in tsara hasashen shige da ficen kuɗi na mako goma sha uku, in kai ranar Litinin, in kuma yi bayaninsa a gaban manajan darakta cikin minti goma. Sun haɗo da lambobin ciniki da na albashi da na bashin banki, amma babu kuɗin dakon shanshera daga Hadeja da Kebbi, sun ce in nemo da kaina in faɗi inda na samo.

Na kira Kawu bayan an sha ruwa. Ya ce in same shi gobe kafin azahar, akwai direbobi biyu da ke bin hanyar da zai haɗa ni da su, in taho da littafina da biro.